ZAUREN ZANGO: Ɓarawon da Ke Yin Sallama Kafin Ya Shiga

A watan jiya mun yi alkawarin za mu ci gaba da maganar kuɗin haya na shekara biyu da masu gidaje ke karɓa gaba ɗaya, to amma sai a yi mana gafara, domin wani abu ya faru a unguwarmu a nan Kumasi wanda muka ga bai kamata mu bar shi ya kwana ba.

Akwai wani dattijo a cikinmu, ba za mu faɗi sunansa ba, ko da yake shi da kansa ya ba mu izinin ba da labarin. Shi ne ma'ajin ƙungiyar taimakon juna ta unguwa, wadda ke tara kuɗin likkafani da haƙar kabari da na kai marasa lafiya asibiti. Ya fi shekara 20 yana riƙe da littafin ƙungiyar, ko sisin kwabo bai taɓa yin ciwon kai a hannunsa ba. Irin mutanen nan ne da in suka ce a kawo, ba a tambayarsu me za a yi da shi.

Ran wata Alhamis bayan la'asar sai wayarsa ta yi ƙara. Mai kiran ya yi sallama da Hausa tsantsa, ya ce, "Baba Alhaji, ina wuni? Yaya iyali, yaya ƙoƙari?" Ya ambaci sunan ƙungiyar daidai, ya ce da dare za a yi taro ta waya tare da 'yan'uwa da ke ƙasashen waje a kan maganar katange maƙabarta, kuma an aika wa kowa da lambar shiga taron. Sa'an nan ya ce, "Baba, duba wayarka, za ka ga lambobi shida sun shigo yanzu-yanzu. Karanto mini in sa sunanka a jeri." Dattijo ya sa tabarau, ya karanto su ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya ce, "Madalla, Allah ya ƙara girma, Baba," ya kashe waya.

Ba a yi minti biyar ba WhatsApp ɗinsa ya rufe. Da fari ya ɗauka matsalar layi ce. Sai bayan isha'i da jikansa ya duba ya gaya masa ai an sace ne. Dattijo ya ji kunya, ya ce wa yaron kada ya gaya wa kowa, a bari gari ya waye a ga abin da za a yi. Kafin a sauko daga masallacin Juma'a, saƙo da sunansa da hotonsa ya isa ga 'ya'yan unguwa da ke Jamus da Amurka da Saudiyya, da 'yan kasuwarmu na Kejetia, cewa an kwantar da uwargidansa za a yi mata aiki, a taimaka a tura kuɗi ta wata lamba domin tasa ta cika. Mutum bakwai suka tura, jimlar abin ya haura sidi 9,000. Wasu mutum uku kuma daga cikin ƙungiyar aka kira su da wannan maganar taron, aka karɓe nasu su ma.

To, jama'a, bari mu tsaya a kan waɗannan lambobi shida, domin a nan duk maganar take. WhatsApp ba ya sanin fuskar kowa, lambar waya kawai ya sani. Duk wanda ya ɗauki sabuwar waya a ko'ina cikin duniya yana iya rubuta lambar wayarka ya ce tasa ce. Abin da kamfanin zai yi shi ne ya aiko da lambobi shida ta saƙon tes zuwa ga layin, don ya tabbatar mai layin ne ke nema. Saƙon kuwa wayarka zai shigo, ba ta ɓarawo ba. Ke nan ɓarawon yana tsaye a bakin ƙofa, mabuɗi yana aljihunka, ba shi da wata dabara illa ya roƙe ka ka miƙo masa. Shi ya sa yake yin sallama, yake tambayar iyali. A jikin saƙon ma an rubuta kada a ba kowa lambar, amma da Turanci, kuma dattijonmu karatun allo da na littattafai ya yi, lambobin kaɗai ya gane.

Wani zai ce, to yaya aka yi ɓarawon ya san sunan ƙungiya, har ya san ana kiran mutumin Baba Alhaji? Amsar ba wuya. Idan suka karɓe WhatsApp ɗin mutum ɗaya, ba sa ganin tsofaffin hirarrakinsa, domin waɗannan suna cikin wayarsa, amma suna samun kansu a cikin duk wani zaure da yake ciki, wato abin da yara ke kira guruf. Suna ganin sunan zauren, da lambobin mutanen ciki, da hotunansu, da duk abin da aka rubuta daga wannan lokaci. Sai su zauna shiru kwana biyu suna karatu, su gane wane ne liman, wane ne ma'aji, wace ce Hajiyar da ake jin maganarta. Daga baya mun gano ashe mako guda kafin nan an karɓe na wani matashi a zauren, shi kuma ya sayi sabon layi abinsa bai gaya wa kowa ba.

Wani abin da ke ci mana rai shi ne, sunan da duk ƙasar Ghana ke kiran wannan sana'a da shi, wato sakawa, ana cewa daga harshenmu aka ɗauke shi. Ba mu ce 'ya'yan zango kaɗai ke yi ba, kowace ƙabila tana da nata ɓata-garin. Amma wanda ya kira dattijonmu ba a makaranta ya koyi Hausa ba, a gida ya sha ta. Da ɗan gari akan ci gari. Saboda haka jin Hausa a bakin mai kira, ko jin ya iya sallama da jan aya, kada ya sa kowa ya saki jiki.

Abu na farko da muke roƙon kowane mai karatu ya yi, yau ba gobe ba, shi ne ya sa wa WhatsApp ɗinsa kwaɗo na biyu. Tun shekarar 2017 kamfanin ya fito da wannan tsari, kyauta ne, amma har yanzu in ka tambayi mutum goma a majalisa da wuya ka sami uku da suka yi. Ana shiga wurin setin, a taɓa akawun, a nemi wurin tabbatarwa mai mataki biyu, sai mutum ya zaɓi wasu lambobi shida nasa na kansa, waɗanda ba wanda zai aiko masa da su, a ransa kawai suke. In yana da adireshin imel ya sa, don ranar mantuwa. Mun roƙi edita ya buga sunayen wuraren da ake taɓawa a sashen Turanci na wannan fitowar, yadda suke a cikin waya. Amfanin abin shi ne, ko an yaudare ka ka karanto lambobin da aka aiko, ɓarawon zai tarar da wata ƙofar a kulle. Da dattijonmu ya yi wannan, da maganar ta tsaya a kiran waya. Sai dai a kula, masu kiran sun san da wannan kwaɗon, wani lokaci sukan sake kira su nemi lambar ta biyu. Ita ma ba a ba kowa.

In kuwa an riga an karɓe, ba sabon layi ake saya ba. Layinka yana hannunka, saboda haka kai ma kana iya yin abin da ɓarawon ya yi: ka buɗe WhatsApp, ka rubuta lambar wayarka, a aiko maka da sababbin lambobi shida, ka sa. Da ka sa, an fitar da shi. In ya riga ka sa kwaɗo na biyu, za a ce ka jira kwana bakwai kafin ka shiga, amma shi dai ya fita. Wannan aikin minti biyar ne, kuma da jikan dattijo ya san shi a daren Alhamis, da ba a kai ga Juma'a ba.

Akwai kuma wata ƙofar baya da mutane ba su cika lura da ita ba. WhatsApp yana yarda a haɗa shi da wasu na'urori har huɗu ban da wayar mutum, kamar kwamfuta ko wata wayar. Wanda ya ari wayarka na minti ɗaya don ya yi kira, ko mai gyara da ka bar wa ita a buɗe, yana iya haɗa ta da tasa, ya riƙa karanta duk abin da ke shigo maka kai ba ka sani ba. Lokaci-lokaci a riƙa duba wurin na'urorin da aka haɗa, in an ga wadda ba a sani ba a cire ta. Ita kanta wayar a sa mata makulli, ko na lamba ko na yatsa.

Yanzu sai mu juyo kan waɗanda suka tura kuɗin, domin su ma suna da nasu rabon. Mun tambayi ɗaya daga cikinsu, wani ɗan kasuwa mai wayo da ba a cutarsa a ciniki, me ya sa bai kira ba kafin ya tura? Ya ce, "Haba Malam, Baba Alhaji zai ce matarsa tana asibiti, ni kuma in kira in ce ya tabbatar mini? Ai da kunya." To wannan kunyar ita ce jarin ɓarayin. Sun san mu sarai, sun san ba ma son babba ya roƙa sau biyu, sun san maganar asibiti da ta gawa ba ma jinkiri a kanta. Alhali kiran ba ya bukatar a nuna ana shakka. "Baba, na ga saƙo, yaya jikin Hajiya?" ya wadatar, gaisuwa ce da ko ba kuɗi ya kamata a yi ta. Sai dai a kira ta layin waya sosai, ba ta WhatsApp ɗin da ake zargi ba. Kuma tun da yanzu akwai na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum, saƙon murya shi kaɗai bai isa shaida ba, a yi magana baki da baki, ana tambaya ana amsawa.

Bugu da ƙari, duk mai tura kuɗi ta waya ya san kafin ya sa lambar sirrinsa ana nuna masa sunan wanda kuɗin zai je wa. Dukkan mutum bakwai ɗin sun ga sunan da bai yi kama da na dattijo ko na wani ɗan gidansa ba, kuma duk suka wuce, saboda saƙon ya riga ya ce lambar wata ma'aikaciyar asibiti ce. Mu dai a ganinmu, da zarar an ce "kada ka tura ta lambata, tura ta wannan," to magana ta canja, a dakata.

Tun da mun shigo maganar kuɗin waya, bari mu ɗan faɗaɗa. A shekarar 2009 kamfanin MTN ya fara wannan harka a Ghana, a 2018 kuma aka haɗa layukan yadda ake iya tura kuɗi daga wannan kamfani zuwa wancan. Yau mai koko da mai waken shinkafa da direban tasi duk da MoMo suke karɓa, kuma ba mai son a koma zamanin ba yaron mota ambulan ya kai Tamale ko Bawku. Amma dabarun ɓarayi a nan ma ba su wuce biyu zuwa uku ba, kullum su ake juyawa. Akwai mai kira yana kuka ya ce ya yi kuskure ya turo maka kuɗin maganin mahaifiyarsa, ka duba za ka ga saƙo, don Allah ka mayar masa. Saƙon kuwa shi ya rubuta shi da hannunsa daga wata lambar waya, ba daga kamfani ya fito ba. Maganin wannan shi ne ka duba abin da ke cikin asusunka da kanka, ta *170# in MTN kake, ko *110# in Telecel ko AT ne. In ma da gaske kuɗin ya shigo, ba aikinka ba ne mayarwa, ka ce ya kira kamfani a lamba 100, su ke da hanyar mayar da kuɗin kuskure. Akwai kuma mai cewa daga ofishin kamfani yake, za a rufe layinka ko kuma ka ci wata kyauta, sai ya riƙa gaya maka abin da za ka danna, a ƙarshe wani saƙo ya fito yana neman lambar sirrinka. Abin da za a riƙe a nan ɗaya ne: kuɗin da zai shigo maka ba ya neman lambar sirri. In wani yana kan waya yana ce maka ka sa ta, to kuɗi ne zai fita.

Ita lambar sirrin kuma, mu faɗa wa juna gaskiya, yawancinmu shekarar haihuwarmu muka sa, ga ta kuwa rubuce a jikin Ghana Card da muke miƙa wa kowa. Wasu 1234 suka sa, wasu lambobi huɗun ƙarshe na wayarsu. Mun sha gani da idonmu a rumfar mai MoMo, tsohuwa ta miƙa waya ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi don a danna mata, mutane biyar suna tsaye a bayanta. Wasu kuma sun rubuta ta a 'yar takarda sun cusa a cikin rigar wayar, ranar da wayar ta faɗi a mota an haɗa wa mai tsintuwa akwati da mabuɗi. Ba muna zargin iyayenmu ba ne, ba su suka ƙirƙiro abin da Turanci ba. Laifin namu ne, 'ya'ya da jikoki, da muke saya musu waya mai tsada mu kasa zama da su na rabin awa. Matar da ke riƙe lissafin adashin mutum talatin a ka, lambobi huɗu ba za su gagare ta ba in an nuna mata inda suke. In kuwa ido ya yi rauni har ba hali, to a zaɓi mutum ɗaya tak a gida, amintacce, ba duk yaron da ke kusa ba.

Haka nan maganar rajistar layi. Tun watan Oktoba na 2021 da aka fara haɗa layukan waya da Ghana Card, mutane da yawa a zangunanmu sun yi wa wasu rajista da katinsu, ko don baƙo ne bai sami nasa ba, ko don maƙwabci ne an ji nauyinsa. Taimako ne a ido, amma ranar da aka yi damfara da wannan layin, sunan da 'yan sanda za su gani naka ne. Wataƙila ma sunan da mutanenmu bakwai suka gani na wata baiwar Allah ce da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

To in abin ya riga ya faru fa? A nan ne muka fi yin sakaci. Kuɗin da aka tura wa ɗan damfara ba ya daɗewa a inda ya sauka, nan da nan ake cire shi ko a rarraba shi, saboda haka kiran kamfani a lamba 100 a cikin wannan sa'ar ya fi zuwa ofis bayan kwana uku. Akwai kuma hukumar tsaron intanet ta ƙasa, wadda dokar shekarar 2020 ta kafa, ana kiranta ko a aika mata da tes a lamba 292. A ajiye saƙonnin da lambar da aka tura wa kuɗin, kada a goge don haushi, a kai wa 'yan sanda. Ba za mu yi wa kowa alkawarin kuɗinsa zai dawo ba, na mutanenmu dai har yau ba su dawo ba, amma rahoton ne ke sa a rufe layin kafin a cuci na gaba.

Abin da ya fi duk wannan sauri kuwa yana hannunmu. In yaro ya ɓace a unguwa, ko aka yi rasuwa, ba ma jiran gari ya waye, lasifikar masallaci ake ɗauka. To me ya hana a yi haka in an sace WhatsApp ɗin mutum, balle ma'ajin ƙungiya? Da an faɗa bayan sallar isha'i ko ta asuba cewa duk wanda ya ga saƙo da sunan wane kada ya tura komai, a gaya wa na waje, kuma masu kula da zaure su cire lambar nan take, da sidi 9,000 suna aljihun masu su. Abin da ya hana shi ne tsoron bakin mutane, kuma tsoron yana da dalili. Mun ji da kunnenmu wasu a majalisa suna cewa, "Duk wayon Alhaji?" suna dariya. Ɗaya daga cikin masu dariyar, bayan mako biyu, shi ma ya karanta wa wani nasa lambobin. Muddin wanda aka cuta ya san abin da zai tarar ke nan, zai ci gaba da yin shiru, shirun nan kuwa shi ne ke ba ɓarawo dare guda cur yana aiki da sunansa.

Shi dai dattijonmu ya kawo littafin ƙungiya gaban jama'a ya ce a ba wani, kuma ya ce zai sayar da wani abu nasa ya biya mutum bakwai ɗin. Ba a karɓi littafin ba, su kuma bakwai ɗin suka ce sun yafe, in ban da ɗaya da ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Abin da aka tsayar a taron shi ne, daga yanzu ba a neman kuɗin ƙungiya ta saƙo sai an ji daga bakin mutum biyu cikin shugabanni, kuma lamba ɗaya ce ta karɓar kuɗi, an rubuta ta a bangon zaure.

An kuma sa matasa huɗu, maza biyu mata biyu, su riƙa zama kowace Asabar bayan la'asar, mazan a ƙofar masallaci, matan a makarantar Islamiyya, don taimaka wa duk mai son a sa masa kwaɗo na biyu ko a canja lambar sirri. An gargaɗe su cewa in an zo wurin zaɓen lambar su miƙa wa mai waya abinsa su juya baya. Asabar ta farko mutum 41 suka zo. Sauran zanguna da ke son yin irin wannan suna iya rubuto mana ta ofishin edita, za mu aika musu da takardar da matasan ke bi, da Hausa da Turanci. Maganar kuɗin haya kuma sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.